Me Ya Sa Hoton HD Ke Dagargajewa? Yadda Ake Matse Hoto a Satalayit da Intanet

Duk mai kallon ƙwallo ya san abin nan, ko da bai taɓa tsayawa ya tambayi dalili ba. Muddin masu sharhi ne zaune a situdiyo suna magana, hoto tas yake fitowa, har saƙar rigarsu kana gani. Da zarar an zura ƙwallo a raga, kyamara ta juya a guje kan dubban magoya baya suna tsalle, sai fuskoki su narke, ciyawar fili ta koma kore ɗaya shafaffe, wasu 'yan murabba'ai su ɓullo su ɓace. Duk wannan kuma tambarin HD na nan daram a kusurwar allo. Nan za ka ji wani ya ɗora wa talabijin laifi, wani ya ce dish ne ya goce, wani ya leƙa waje ko hadari ya haɗo. Mafi yawan lokuta ba ko ɗaya a ciki. An riga an yanke wa hoton hukunci tun kafin ya bar hannun kamfanin da ya turo shi.

Bari mu fara da lissafi, don in ba a ga girman kaya ba, ba za a gane dalilin matse shi ba. Hoton da ake kira cikakken HD yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600 a falle ɗaya. Bidiyo kuwa fallaye ne ke bin juna da sauri, 25 a kowane sakan a tsarin talabijin na Najeriya da Nijar da Turai. In aka bar shi yadda yake yawo a wayoyin situdiyo, megabit 1,485 (megabit ma'aunin yawan bayanai ne) yake ci a sakan guda. Kallon awa ɗaya a haka ya haura gigabait 660. Babu tauraron ɗan adam ko layin waya da zai ɗauko wa kowane gida irin wannan lodi. Abin da ke isowa gidanka a tashar HD sau da yawa bai wuce megabit 10 a sakan ba, wato fiye da kashi 99 cikin 100 na bayanan an zubar da su a hanya. Wanda ya duba ta nan dole ya jinjina wa waɗanda suka ƙirƙiro dabarar, don abin da ya rage ɗin nan shi ne muke kallo har mu ce ya yi kyau.

Zubarwar ba da ka ake yin ta ba. Ana fara ta ne daga inda idon ɗan Adam yake da rauni. Ido ya fi kaifi wajen bambance haske da duhu a kan bambance launi, don haka sai a bar wa kowane ɗigo bayanin haskensa, amma a sa ɗigo huɗu su yi tarayya a launi guda. Wannan kaɗai ya rage rabin nauyin hoto mai cikakken launi, kuma da wuya wani ya lura, sai fa a jan rubutu bisa baƙin allo, inda gefen haruffa kan yi jirwaye.

Sai kuma wani lissafi da ake kira DCT, wanda wani injiniya haifaffen Bangalore ta ƙasar Indiya, Nasir Ahmed, ya wallafa a 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao, lokacin yana koyarwa a Amurka. Kusan duk hoto da bidiyon da ke wayarka yau ta cikin lissafin nan ko jikokinsa ya biyo. Ana yayyanka falle zuwa ƙananan gidaje, a asali ɗigo 8 sau 8. A kowane gida, lissafin yana rarrabe abin da ke ciki: ga gundarin haske da launi, ga sauyin da ke tafiya a hankali, ga kuma ƙananan zane irin su gashin gira, ramukan fata, tsinken ciyawa. Sai a riƙe gundarin da kyau, ƙananan zanen kuma a yi musu ƙiyasi ko a watsar. In akwai wadatar megabit, kaɗan ake watsarwa. In aka ƙuntata, sai a yi ta watsarwa har gidan ya rage ba komai a cikinsa sai launi ɗaya. Gidan da ke kusa da shi ma haka, da nasa launin daban. Murabba'an da kake gani a allo, iyakokin gidajen nan ne suka fito fili.

Amma babbar riba tana cikin motsi. Mai karanta labarai yana zaune, bangon bayansa bai canja ba daga falle zuwa falle, leɓensa da idonsa kawai ke motsi. Me zai sa a sake turo bangon sau 25 a sakan? Sai na'urar matsewa ta turo cikakken falle ɗaya, waɗanda ke biye kuma umarni ne kawai: wancan gidan a bar shi yadda yake, wannan a matsar da shi dama da ɗigo uku, a nan ga ɗan gyara. Bayan rabin sakan zuwa sakan biyu, sai a sake turo wani cikakke. Shi ya sa in ka canja tasha a dikoda sai allo ya ɗan yi duhu kafin hoto ya zo. Jira take cikakken falle ya iso, don ba za ta iya gina hoto da umarnin gyara kaɗai ba. A zamanin eriya da tsohon tsari babu wannan jiran.

Daga nan mutum zai iya gano da kansa abin da ke wahalar da na'urar: duk abin da ba a iya hasashensa daga fallen baya. Ruwan sama, hayaƙi, igiyar ruwa, walƙiyar kyamarori, ƙyalƙyalin takardun da ake watsawa in an ɗaga kofi, taron jama'a kowa na motsin kansa. A finafinan Kannywood ma, wurin da hoto ya fi lalacewa shi ne wurin biki, inda leshi ke walƙiya, atamfa mai ƙananan zane ke rausaya, ga fitilu masu launi suna kai da kawo, ga masu liƙi sun cika fili. Wurin da mai shirya fim ya fi kashe kuɗi, nan ne na'ura ta fi yi masa ɓarna.

Dabarun nan an tattara su cikin tsare-tsaren da duniya ta amince da su. MPEG-2 ya zo a tsakiyar shekarun 1990, shi ya ɗauki faifan DVD da satalayit na dijital na farko, ciki har da DStv da kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 1995. H.264 ya biyo baya a 2003, HEVC a 2013, kowannensu da burin ba da hoto iri ɗaya da kusan rabin megabit ɗin wanda ya gada. A 2018 haɗakar kamfanoni irin su Google da Netflix da Amazon ta fitar da AV1. Tambayar da ta dame ni ita ce: rarar da aka samu, ina take tafiya? Ana iya mayar da ita cikin hoton ya ƙara kyau, ana kuma iya sayar da ita. Kamfani ne ke zaɓa, ba na'ura ba.

A satalayit abin a bayyane yake. Tauraron yana can sama da nisan kilomita 35,786, yana juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa dish ke kallon wuri ɗaya har abada. A jikinsa akwai na'urori da ake kira tiransfonda, kowace tana karɓar saƙo daga ƙasa ta watso shi kan yanki mai faɗi. Tiransfonda ta yau da kullum tana ɗaukar kimanin megabit 38 a sakan a tsohon tsarin DVB-S, a sabon tsarin DVB-S2 da aka amince da shi a 2005 kuma tana iya kaiwa 50 zuwa 60. Iyakarta ke nan. Kamfanonin talabijin haya suke karɓa, da dala, kuma da tsada ƙwarai. To a ce kamfani na da megabit 55 a hannu. In ya zuba tashoshi 5, kowace ta samu 11. In ya zuba 10, kowace ta samu biyar da rabi. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a tasha ya san wannan lissafin: kujerar mutum uku ce, direba ya ce huɗu-huɗu, motar za ta kai kowa gida, amma yadda za ka isa daban. Kuma a talla adadin tashoshi ake faɗa, don shi ne ke jawo mai saye.

Injiniyoyi sun samo hanyar rage raɗaɗin. Maimakon a yanka wa kowace tasha rabonta a kulle, sai a haɗa na'urorin matsewa su riƙa rabon a tsakaninsu a kowane ɗan lokaci. Tashar da ke nuna mutum zaune yana wa'azi ko hira ta saki nata, tashar da ke nuna ƙwallo ta karɓa. Dabara ce mai kyau, muddin ba a tara masu buƙata wuri ɗaya ba. In aka ce wasanni uku ko huɗu na gudana lokaci guda a tashoshin da ke kan tiransfonda ɗaya, kamar yadda kan faru ranar Asabar a gasar Firimiya, babu mai sakar wa wani, sai kowa ya ɗanɗana.

Akwai misali sananne da ya faru a Birtaniya. A watan Agustan 2009, BBC ta sauya na'urorin matse hoton tasharta ta HD, ta kuma rage abin da take ba tashar daga megabit 16 zuwa 9.7 a sakan. Hujjarta ita ce sababbin na'urorin sun fi tsofaffin ƙwarewa, don haka hoton bai ragu ba. Masu kallo da yawa suka ce idonsu bai yarda ba, musamman a wurare masu duhu da masu saurin motsi, suka yi ta kai ƙorafi har maganar ta kai gaban kwamitin amintattun BBC. Abin lura a nan shi ne, kafin sauyin da bayansa sunan tashar bai canja ba, adadin ɗigon ma bai canja ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na bayanan ne suka tafi. HD dai alƙawarin yawan ɗigo ne kawai, bai ce komai ba game da abin da aka zuba a cikin ɗigon.

Satalayit na da wani ƙarin dabaibayi. Dikoda miliyoyi na zaune a gidajen mutane, kowace da tsarin da aka gina ta a kai. Wadda ta iya H.264 kaɗai ba za ta karanta HEVC ba ko da za a shekara ana turo mata. Kamfani ba zai iya komawa sabon tsari ba sai ya sauya wa jama'a dikoda, ko ya riƙa watsa tasha ɗaya sau biyu, wanda hakan ƙarin haya ne. Shi ya sa satalayit ke tafiyar hawainiya wajen karɓar sabuwar fasaha.

A nan ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, don mutane na asarar kuɗi a kansu. Dagargajewar da ruwan sama ke kawowa daban take. Yawancin dish ɗin gida na aiki ne da zangon Ku, tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, kuma ɗigon ruwa na shanye wannan zango. In damina ta sauko da ƙarfi, saƙo ya raunana, sai ka ga hoto ya tsattsage da layuka masu launi, murya ta yi ƙara ta yanke, hoto ya daskare, daga nan allo ya ce babu sigina. Wannan kam babban dish ko daidaita saiti na taimakawa. Amma saƙon dijital ba ya da tsaka-tsaki: ko ya iso a karanta shi daidai, ko ya lalace. In hoto na tafiya lafiya ba yankewa, sai dai ya yi laushi ko ya yi murabba'ai lokacin motsi, to ko mai gyara ya kwana a kan rufi yana juya dish, ɗigo ɗaya ba zai ƙaru ba. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne bayan talabijin. Gidaje da yawa sun sayi dikoda ta HD da babban allo, amma an haɗa su da wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari. Wayar rawaya ba ta ɗaukar HD sam, layi 576 na tsohon tsari take bayarwa. Wayar HDMI guda ɗaya ta fi duk wani gyaran dish amfani a irin wannan gida. Haka kuma ƙure saitin kaifin hoto a talabijin ba ya dawo da abin da aka zubar, gefen murabba'an yake ƙara fitowa da shi.

Kallo ta intanet kuwa wani gini ne daban. Satalayit na watsa saƙo ɗaya ga kowa, ko mutum goma ke kallo ko miliyan goma, kuɗin ɗaya ne. A intanet kowane mai kallo da nasa saƙon, kowanne kuma da kuɗinsa. Don haka YouTube da Netflix da ire-irensu sukan matse fim ɗaya zuwa matakai da dama, daga ƙarami mai layi 144 ko 240 har zuwa 4K, mai ɗigo ninki huɗu na cikakken HD, sannan su daddatsa kowane mataki gutsi-gutsi na 'yan sakanni. Apple ya fito da irin wannan tsari a 2009, wani na ƙasa da ƙasa mai suna DASH ya biyo a 2012. Wayarka ce ke zaɓe. Tana auna saurin da gutsin baya ya iso, tana duba abin da ta tanada, sai ta nemi na gaba daga matakin da take ganin za ta iya. Shi ya sa fim kan fara dishi-dishi sannan ya washe, shi ya sa kuma da magariba, lokacin da unguwa duka ta hau kan turken sabis ɗaya, hoton kan sauka ba tare da an tambaye ka ba. An gina manhajar ne a kan cewa mai kallo ya fi haƙuri da hoto marar kyau a kan hoton da ya tsaya yana juyi.

Inda intanet ta yi wa satalayit fintinkau shi ne lokaci. Wasan da ake watsawa kai tsaye dole a matse shi nan take, na'ura ba ta san abin da zai faru sakan biyu masu zuwa ba. Fim ɗin da ke ajiye a rumbu kuwa ana iya sa ɗaruruwan kwamfutoci su yi ta nazarinsa kafin kowa ya gani. A ƙarshen 2015 Netflix ya sanar da cewa ya daina yi wa duk finafinai kuɗin goro, kowanne za a auna shi a ba shi gwargwadon buƙatarsa, tun da katun na yara mai shafaffen launi ba ya buƙatar abin da fim ɗin yaƙi ke buƙata. Daga baya ya sauko da awon har kan kowace fitowa a cikin fim. Wannan ya sa megabit 4 a fim ɗin da aka yi wa irin wannan aiki na iya fin megabit 8 na kai tsaye kyau. Saboda haka kwatanta adadi da adadi kawai ma ba ya wadatarwa.

Sai dai nan ma kasuwa ce ke da ta cewa. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya nemi kamfanonin su rage lodin da suke ɗora wa layukan intanet. Netflix ya amince ya rage kimanin kashi 25 cikin 100 na zirga-zirgarsa a Turai har kwana 30. Yadda ya yi shi ne abin dubawa: bai cire HD ko 4K ba, ya bar sunayen yadda suke, sai ya janye mataki mafi nauyi a cikin kowannensu. Mai biyan kuɗin 4K ya ci gaba da ganin 4K a rubuce. Ko a lokacin lafiya ma, Netflix na cewa megabit 15 ya isa kallon 4K, alhali faifan Blu-ray na HD, mai kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigon 4K, yana iya kaiwa megabit 40, na 4K ɗinsa kuma ya kan haura 80. Gaskiya ne sabon tsarin matsewa na cike wani ɓangare na giɓin, amma ba duka ba.

Giɓin ya fi fitowa a duhu. Yawancin bidiyo na da matakan haske 256 ne a lissafi, ba ma duka ake amfani da su ba, kuma na'urar matsewa na ɗaukar wuri mai duhu a matsayin inda ido ba zai damu ba, sai ta yi masa rowa. Sakamakon shi ne sararin dare da ya kamata ya sauya a hankali sai ya fito zobe-zobe, inuwa ta yi dabbare-dabbare. A watan Afrilun 2019 an yi ta ce-ce-ku-ce kan wani kashi na shirin Game of Thrones da aka ɗauki yaƙinsa cikin dare, masu kallo na cewa ba sa ganin komai. Mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya ɗora wani ɓangare na laifin kan matsewar da aka yi wa shirin da kuma yadda mutane ke saita talabijin ɗinsu. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, don baƙar fuska a ɗaki marar wadataccen haske tana faɗawa ne daidai inda na'ura ke yin rowar. Mai shirya fim da ya yi sakaci da fitila, ya miƙa fuskar jaruminsa ga na'ura ta shafe.

To wanne ya fi? In wasa ne kai tsaye, har yanzu ina ganin satalayit na gaba a wurinmu. Tsarin HD na 1080i da tashoshi da yawa ke amfani da shi yana raba kowane falle gida biyu, sai ya sabunta motsi sau 50 a sakan, don haka ƙwallo na tafiya sumul, yayin da kallon intanet mai falle 25 ko 30 kan sa ta riƙa tsalle-tsalle. Zuwa sama da dawowar saƙo kwatan sakan ne kacal, a intanet kuwa datsawa da tanadi kan jefa mai kallo baya da rabin minti ko fiye, har ihun maƙwabta ya riga hotonsa isowa. Ga kuma data: a ma'aunin Netflix na gigabait 3 a awa don HD, wasa ɗaya zai lashe kusan gigabait 5, a 4K kuwa awa ɗaya na iya cin 7. In fim ne kuma akwai intanet mai ƙarfi, manhajojin sun fi, ba tantama. Amma mu faɗi gaskiya, yawancinmu da hannunmu muke saukar da hoto zuwa mataki mai layi 360 don data ta kai ƙarshen wata, kuma a ƙaramin allon waya hakan ba laifi ba ne. Sai an jefa shi kan allo mai inci 55 aibin ke bayyana.

Akwai wata asarar da mu ke jawo wa kanmu. Abin da aka zubar a matsewa ba ya dawowa, kuma kowace sabuwar matsewa tana ƙara zubar da wani. Fim ya fito daga kwamfutar mai tacewa an matse shi, YouTube ya sake matsewa, wani ya sauke ƙaramin mataki, ya yanko guntu ya ɗora a Facebook, wani ya tura ta WhatsApp, kowanne da nasa yankan. Turawa ta Xender ko kwafa a memori ba ta rage komai, don fayil ɗin ne ke tafiya yadda yake, haka ma in aka tura bidiyo a WhatsApp a matsayin takarda. Don haka mai ɗora aikinsa a intanet ya daure ya ɗora mafi nauyin da zai iya, ko da zai kwana yana hawa, tun da daga abin da ya bayar ne za a yanko duk matakan da jama'a za su gani.

Abin da nake ganin ya rage shi ne a daina ɓoye wa mai saye awon. Kamfanoni na tallar adadin tashoshi da tambarin HD da 4K, amma da wuya ka ga wanda ya rubuta matsakaicin megabit ɗin da yake ba kowace tasha da tsarin matsewar da yake amfani da shi. Ba sirri ba ne mai wuyar fitarwa, alƙaluman na gaban injiniyoyinsu kullum. Hukumomi irin su NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, na iya neman a wallafa su, a kuma sanar in an rage, yadda mai biyan kuɗin wata zai san ko abin da ya saya bara shi ake kawo masa bana.